Sharhi Kan Allon Dell UltraSharp U2723QE: Abin Da Ya Gada Daga Magabatansa Da Inda Na Baya Suka Wuce Shi

Allon kwamfutar da ke gabana, Dell UltraSharp U2723QE mai inci 27 wanda ya shigo kasuwa a shekarar 2022, yana ɗauke da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, adadin da aka saba kira 4K. Wannan adadi ba sabo ba ne ko kaɗan, domin kamfanin ya fitar da P2715Q mai irin wannan girma da irin wannan yawan ɗigo tun ƙarshen shekarar 2014, ya bi shi da U2718Q a 2017, sannan U2720Q a 2020, kuma ko magajin wanda nake magana a kansa, wato U2725QE na 2025, bai ƙara ɗigo ko ɗaya ba. Mutumin da ya jera takardun bayanan waɗannan alluna biyar ya tsaya a layin farko zai iya rantsuwa cewa abu ɗaya ake sayar masa da suna daban-daban tsawon shekara goma. Na daɗe ina aiki da wannan allo kullum, yawanci rubutu da karatu, sai gyaran hotuna jefi-jefi, kuma abin da na fahimta shi ne bambancin da ke tsakanin 'ya'yan wannan gida yana ɓoye ne a wurare uku da mai saye ba ya fara dubawa: wayar da ke kawo hoton, zurfin baƙin da allon ke iya nunawa, da yawan sabunta hoton a cikin daƙiƙa ɗaya. A biyun farko U2723QE ya taka rawar gani, a na ukun kuwa shekarunsa sun fara bayyana.

Kafin in shiga waɗannan, ya kamata a ba ɗigon haƙƙinsa, domin shi ne dalilin da ya sa ake neman irin wannan allo tun farko. Jimillar ɗigon 4K ita ce 8,294,400, wato ninki huɗu cif na allon 1920 sau 1080, kuma fiye da ninki biyu na allon 2560 sau 1440. Sai dai ido ba ya ƙidaya jimilla. Abin da yake gani shi ne yawan ɗigon da aka cusa a cikin kowane inci. A faɗin inci 27, allon 1080 yana da ɗigo kusan 82 a inci, na 1440 yana da 109, wannan kuwa yana da 163. Daga tazarar da mutum ya saba zama a gaban tebur, wato kamar tsawon hannu, ɗigo 82 ana ganinsu ƙuru-ƙuru, 109 suna bayyana a gefen haruffa kamar haƙoran zarto ƙanana, amma 163 sai an matso da fuska sosai kafin a rarrabe su. A hoto da bidiyo wannan bambanci yana da daɗin kallo, a rubutu kuwa shi ne komai.

A nan mai rubuta Hausa yana da wani gwaji da ya fi kowace na'urar awo sauƙi. Lanƙwasar da ke saman ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce, kuma a ƙaramin rubutu kan tsohon allo ɗigo biyu ko uku ne kacal suke zana ta, shi ya sa mai gyaran rubutu yakan matso da ido don ya tabbatar ko «kafa» aka rubuta ko «ƙafa», ko «baki» ko «baƙi». A kan U2723QE lanƙwasar tana fita da siffarta ko a rubutun da ke ƙasan shafi, haka nan wasula da ɗigogin rubutun ajami ba sa haɗewa da jikin harafi. Na buɗe shafi ɗaya a kan wannan allo da kuma wani tsohon allon 1440 a gefensa, kuma gani ya kori ji: a tsohon ina karanta kalma ne ta hanyar sanin abin da ya kamata ta zama, a sabon ina ganin ta ne yadda take. Wanda ke yini yana duba rubutu zai ji wannan a idonsa da yamma, ko da ba zai iya faɗin dalili ba.

Akwai wani lissafi da mai saye ya kamata ya sani, domin shi ne ke sa wasu su yi da-na-sani a makon farko. Manhajar Windows an gina ta ne bisa zaton allo yana da ɗigo 96 a inci, saboda haka idan aka bar komai a girmansa na asali a kan allo mai 163, rubutu yana komawa kusan kashi uku cikin biyar na yadda aka saba, abin da ido ba zai jure ba. Maganin shi ne a faɗaɗa girman komai zuwa kashi 150 cikin ɗari, kuma da an yi haka filin aikin da ke gaban mutum ya koma daidai da na allon 2560 sau 1440. Ma'ana, allon 4K mai inci 27 ba ya ƙara wa mai shi wurin jera tagogi a kan na 1440, tsabtar zane yake ƙara masa. A shekarun farko na 4K wannan faɗaɗawa ta wahalar da mutane, domin sai a Windows 8.1 na shekarar 2013 aka fara ba kowane allo girmansa daban, kuma manhajoji da yawa sun ɗauki shekaru suna fitowa dishi-dishi ko da maɓallai ƙanana kamar ƙwayar gero. Yanzu abin ya daidaita sosai, sai tsofaffin manhajojin da ba a taɓa su ba tun wancan zamani.

A ɓangaren Mac labarin ya ɗan bambanta, kuma a nan ne nake ganin wannan allo ba shi ne zaɓi na farko ba. Tsarin macOS ya fi son ninki biyu cif. Ninki biyu a kan 4K yana ba da filin 1920 sau 1080, wanda a inci 27 yake sa komai ya yi girma fiye da kima. Idan kuma aka zaɓi filin 2560 sau 1440, kwamfutar tana zana hoton ne a 5120 sau 2880 sannan ta matse shi ya shiga 3840 sau 2160. Matsewar tana rage kaifin layuka kaɗan, tana kuma ƙara wa katin hoto aiki. Wannan ne ya sa Apple ya tsaya a kan ɗigo kusan 218 a inci tun daga iMac mai allon 5K, wato ɗigo 5120 sau 2880, na watan Oktoban 2014, ya maimaita shi a Pro Display XDR na 2019 mai inci 32 da ɗigo 6016 sau 3384, ya sake maimaita shi a Studio Display na 2022. Ba zan ce hoton Mac a kan U2723QE ba shi da kyau ba, yana da kyau ƙwarai, kuma mafi yawan mutane ba za su lura da komai ba. Amma wanda ya saba da 5K, musamman mai zanen haruffa ko fuskar manhaja, zai gane siraran layuka sun ɗan yi laushi, kuma da zarar ya gane ba zai daina gani ba.

Yanzu ga maganar waya, wadda a ganina ita ce ainihin tarihin alluna masu yawan ɗigo. Tun shekarar 2001 kamfanin IBM ya fitar da T220, sannan T221, masu inci 22.2 da ɗigo 3840 sau 2400, wato 204 a inci, adadin da ya fi na allon da nake sharhi a kansa shekara ashirin kafin a ƙera shi. Gilashin ya samu, hanyar kai masa hoto ce ba ta samu ba: sai an haɗa masa layuka har huɗu na DVI, wato wayar hoto ta wancan zamani, kafin ya kai sabunta hoto sau 41 a daƙiƙa. Allunan inci 30 masu 2560 sau 1600, irin Apple Cinema Display na 2004, sun buƙaci DVI mai layi biyu da katin hoto na musamman. Da 4K ya iso teburin talakawan masu kwamfuta a 2013, da irin su Asus PQ321Q da Dell UP3214Q, an yi wata dabara ce ta raba allon gida biyu, kwamfutar tana ɗauka alluna biyu ne masu 1920 sau 2160 aka manna gefe da gefe a kan waya ɗaya ta DisplayPort, wata sabuwar wayar hoto, kuma duk wanda ya san wancan zamani ya san yadda rabin hoto kan farka ya bar ɗaya rabin yana barci. Ta kafar HDMI 1.4 kuwa 4K ba ya wuce sabuntawa 30, inda kibiyar linzami, wato mouse, take tafiya tana tsalle. Allon 5K na farko daga Dell, UP2715K, sai da wayoyin DisplayPort biyu, haka ma na 8K, UP3218K na 2017. Darajar P2715Q a lokacinsa ita ce ya kawo 4K da sabuntawa 60 ta waya ɗaya ba tare da raba allo ba.

Idan aka dubi U2723QE da wannan tarihi a zuciya, sai a ga nisan da aka yi. Waya ɗaya ta USB-C tana ɗaukar hoton daga kwamfutar cinya zuwa allon, tana mayar mata da wutar caji har wat 90, tana kuma haɗa ta da duk abin da aka jona a bayan allon: madannai, linzami, ma'ajiyar bayanai ta waje, da intanet ta waya, domin akwai kafar RJ45 a jikinsa. U2720Q ma yana da USB-C mai wat 90, amma ba shi da kafar intanet, kuma ba shi da tsarin KVM, wanda shi ne abin da na fi mora a wannan allo. KVM yana ba da damar haɗa kwamfuta biyu, a ce ta tebur ta kafar DisplayPort da ta cinya ta USB-C, su riƙa amfani da madannai ɗaya da linzami ɗaya. Da an sauya mashigar hoto, madannan da linzamin su ma sun bi. Ana iya raba fuskar allon ma a ga kwamfutocin biyu a lokaci guda, ko dai gefe da gefe ko ɗaya a ƙaramar taga cikin ɗayar. Akwai kuma kafar DisplayPort ta fita, wadda ke miƙa hoto ga allo na biyu ba tare da an ja wata waya daga kwamfutar ba, sai dai wannan miƙawa tana aiki ne da Windows, domin macOS ba ya tura hotuna biyu daban ta wannan hanya, maimaita hoto ɗaya yake yi. An kuma saka kafofin USB a ƙasan gefen allon inda hannu ke kaiwa ba sai an leƙa baya ba, ƙaramin tunani ne amma kullum ana cin moriyarsa.

Wannan waya ɗaya tana da sharaɗi, kuma rashin sanin sharaɗin ne ke sa wasu su zargi allon da laifin da ba nasa ba. A cikin wayar USB-C akwai layuka huɗu masu sauri, kuma ko dai a ba hoto duka huɗun, bayanai su koma tafiyar USB 2.0, ko a raba su biyu-biyu. Hoton 4K mai sabuntawa 60 yana buƙatar kimanin gigabit 12.5 a daƙiƙa. Kwamfutar da ke magana da DisplayPort 1.2 tana da gigabit 17.28 a layuka huɗu, rabinsa 8.64 bai isa ba, saboda haka idan aka raba mata layukan sai hoton ya sauko zuwa sabuntawa 30. Wadda ke da DisplayPort 1.4 kuwa tana samun kusan gigabit 13 a layuka biyu, ga kuma dabarar matse hoto ta DSC da ke rage nauyi ba tare da ido ya gane ba, don haka tana iya riƙe hoto cikakke da bayanai masu sauri a tare. A cikin saitunan allon akwai wurin da ake zaɓar wanda za a fifita, hoto ko saurin bayanai, kuma wajibi ne mai tsohuwar kwamfuta ya san da shi. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini ina neman dalilin da ya sa allon ya ƙi nuna komai alhali kwamfutar tana caji, ashe wata wayar caji marar suna na ɗauko daga aljihun tebur, irin wadda ba ta da layukan hoto kwata-kwata. Da na mayar da wadda ta zo a cikin kwalin, magana ta ƙare.

Abu na biyu shi ne baƙi. Allunan LCD ba sa samar da haske da kansu. Akwai fitila a bayansu, ɗigogin kuma kamar ƙananan labule ne da ke buɗewa ko rufewa a gabanta. Fasahar IPS, wadda Hitachi ya fara kawowa kasuwa a 1996, ta yi fice wajen riƙe launi daidai ko daga gefe aka kalle ta, amma labulenta ba ya rufuwa ruf, shi ya sa shekaru da dama bambancin farinta da baƙinta ya tsaya a wajen 1000 da 1, wasu su kai 1300 da 1. U2723QE da yayansa U3223QE mai inci 32 suna cikin alluna na farko da suka zo da gilashin da LG Display ya kira IPS Black, mai bambancin 2000 da 1. A sauƙaƙe, idan farin allon yana a haske 200 na nit, wato ma'aunin hasken allo, baƙin tsohon IPS yana a 0.2, na wannan kuwa yana a 0.1. A takarda abin kamar bai kai ya kawo ba, a ido kuwa yana da tasiri: inuwar da ke cikin hoto tana da zurfi, baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi kama ido, kuma wanda ke aiki da manhaja mai baƙin bango ba ya ganin bangon kamar toka. Da rana, a ɗaki mai haske, sai in ce baƙin nasa ya ishe ni sarai.

Da dare ne iyakarsa take fitowa. Idan aka kashe fitilar ɗaki aka buɗe hoto mai duhu, har yanzu ana ganin wannan ɗan sheƙi da IPS ya gada a kusurwoyi, wanda ke ƙaruwa ko raguwa idan mutum ya motsa kansa. An rage shi, ba a kawar da shi ba. Allunan VA, wani nau'in LCD daban, suna kaiwa 3000 da 1 ko fiye, amma launinsu yana ɗan sauyawa daga tsakiya zuwa gefe, kuma duhunsu yakan ja jela a hoto mai motsi. OLED kuwa ba shi da fitilar baya, kowane ɗigo yana kunna kansa yana kashe kansa, saboda haka baƙinsa baƙi ne na gaske, kuma tun 2024 akwai allunan OLED na 4K masu inci 32 da sabuntawa 240, irin Alienware AW3225QF. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa mai aikin rubutu ya yi gaggawar komawa can ba. A allunan QD-OLED, wani nau'in OLED, ƙananan ɗigogin ja da kore da shuɗi an jera su ne kamar murhu mai duwatsu uku maimakon layi ɗaya, abin da ke sa gefen haruffa ya riƙa nuna ɗan launi, ko da yake yawan ɗigon 4K ya rage hakan sosai. Sannan OLED yana tsoron hoton da ba ya motsi, domin abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar sandar ƙasa ta Windows ko kan shafin lissafi, yana iya barin tabo, kuma aikin ofis kusan dukansa hoto ne da ba ya motsi. Kowane allazi da nasa amanu, amma amanun IPS Black ya fi sauƙin zama da shi ga wanda ke buɗe takarda ɗaya awa takwas.

Launi ba ya buƙatar dogon bayani. Allon yana iya nuna dukkan launukan filin sRGB, wanda aka saba aiki da shi a kwamfuta, da kashi 98 cikin ɗari na DCI-P3, filin da ya fi shi faɗi, an daidaita shi tun daga masana'anta, kuma akwai saitin kowane fili daban, wanda yake da muhimmanci domin idan aka bar shi a faffaɗan fili, manhajojin da ba su san lissafin launi ba suna nuna ja da kore da ƙarfi fiye da yadda mai hoton ya nufa. Mai shirya aikin ɗab'i da ke buƙatar filin launi na Adobe RGB cikakke sai ya nemi wani allon, ba don shi aka yi wannan ba.

Tambarin HDR da ke jikinsa kuwa, wato tsarin nuna hoto mai tsananin haske da tsananin duhu a tare, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Matakin DisplayHDR 400 shi ne na ƙasa a ma'aunin da ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin alluna ta kafa a ƙarshen 2017, kuma kusan abin da yake tabbatarwa shi ne allon yana gane saƙon HDR kuma yana kaiwa haske 400. HDR na ainihi yana buƙatar wani ɓangare na hoton ya yi haske mai kashe ido yayin da na gefensa yake cikin duhu, wanda ba ya yiwuwa sai da fitilun baya masu yawa da ake sarrafa kowace daban, kamar yankuna 576 na Pro Display XDR mai kaiwa 1600, ko kuma da OLED. Allon da fitilarsa ke gefe ba zai iya wannan ba, ko na wane kamfani ne. Na kunna, na duba, na kashe, kuma ban sake komawa ba.

Abu na uku, sabunta hoto, shi ne inda zamani ya cim masa. U2723QE yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kamar dai P2715Q na 2014, kuma ba shi da tsarin daidaita sabuntawar da saurin katin hoto. A shekarar da ya fito wannan ba abin magana ba ne, domin an ɗauka saurin sabuntawa na masu wasannin kwamfuta ne kawai, kuma Studio Display da ya fito a shekara ɗaya da shi ma 60 ne. Amma a 'yan shekarun nan wayoyin hannu da kwamfutocin cinya masu sabuntawa 120 sun cika hannun mutane, ido ya saba. Wanda ya ja dogon shafi sama a kan waya mai 120 yana iya karanta rubutun yana tafiya, idan ya juyo ga allo mai 60 sai ya ga haruffan sun cakuɗe har sai shafin ya tsaya. Kibiyar linzami ma tana da wani santsi a 120 da ba ta da shi a 60. Ba matsala ce da ke hana aiki ba, kuma bayan minti goma ido yana mantawa, sai dai yana tunawa duk lokacin da aka ɗauki waya aka ajiye. U2725QE ya zo ne daidai kan wannan giɓi: sabuntawa 120, bambancin haske da duhu 3000 da 1, da kafar Thunderbolt 4, mai siffar USB-C amma mai ɗaukar bayanai da yawa, da cajin da ya kai wat 140. Abin lura shi ne, ko wannan ci gaba ma rabinsa na wayar da ke kawo hoto ne, domin 4K sau 120 ninki biyu ne na bayanan da ake turawa, kuma ba don faɗin Thunderbolt da dabarar DSC ba da bai shiga waya ɗaya tare da sauran kaya ba.

Jikin allon ba shi da ado, kuma hakan ya yi mini. Ƙafarsa tana hawa da sauka, tana juyawa hagu da dama, tana sunkuyawa, ana kuma iya tsayar da allon a tsaye don karanta doguwar takarda. Wanda ya fi son rataye allon a hannun ƙarfe na tebur akwai ramukan ɗaura shi na ma'aunin VESA a baya. Gefunansa sirara ne, fuskarsa ba ta sheƙi, don haka taga ko fitilar da ke bayan mutum ba ta dawo masa a ido, ko da yake irin wannan fuska tana ɗan rage ƙyallin da allo mai gilashi tsantsa yake da shi. Ana shiga saituna ne da wani ɗan maɓalli mai juyawa a baya, wanda ya fi jerin maɓallan U2720Q sauƙin lalube. Babu lasifika, babu kyamara, sai kafar fitar da sauti.

Wasu za su tambaya ko ba gara a ɗauki yayansa mai inci 32 ba. Ɗigon ɗaya ne, an shimfiɗa shi ne a fili mafi faɗi, don haka yawansu a inci ya sauko zuwa 140. Ribar ita ce ana iya faɗaɗa rubutu da kashi 125 kawai a sami filin aiki na gaske da ya fi na 1440, asarar kuma ita ce kaifin haruffa ya ragu kaɗan, sannan yana son tebur mai zurfi don kada wuya ya gaji da waiwaye. Mai jera shafukan lissafi ko layukan shirin kwamfuta zai fi son babban, mai karatu da rubutu zai fi son ƙaramin. Wanda ke son girman da kaifin a tare sai ya haura zuwa 6K, irin Dell U3224KB na 2023 mai 6144 sau 3456. Shi kuwa 8K a inci 32, mai ɗigo 280 a inci, ya wuce abin da ido ke rarrabewa daga tazarar tebur, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa shekaru suka shuɗe bayan UP3218K ba a ga masu bin sawunsa da yawa ba.

Ga wanda yake kan allon 1080 ko 1440 kuma rubutu ne aikinsa, U2723QE sauyi ne da zai gani tun daga shafin farko. Ga mai P2715Q ko U2718Q, haruffan ba za su ƙara kaifi ko kaɗan ba, abin da zai samu shi ne baƙi mai zurfi, launi mai faɗi, da tebur da wayoyi suka ragu a kansa, kuma idan kwamfutar cinya yake amfani da ita wannan na ƙarshe kaɗai ya isa dalili. Mai U2720Q ba shi da buƙatar motsawa sai idan kwamfuta biyu yake haɗawa ko baƙin toka ya dame shi. Idan kuma mutum yana da zaɓi tsakanin wannan da U2725QE, to ya fara duba kafar kwamfutarsa kafin ya yanke hukunci: idan tana da Thunderbolt 4 ko DisplayPort 1.4 mai DSC, sabon zai ba shi 120 ɗin da aka yi alkawari kuma shi zan ce ya ɗauka, idan kuwa tsohuwa ce mai DisplayPort 1.2, duka allunan biyu a 60 za su tsaya masa.